Ban da Jaka, Me Ka Kawo Mana?

Taubashina yana da shagon taki da maganin feshi kusa da tashar mota a Kafanchan, kuma Allah ya hore masa ido kamar na shaho. Duk ranar da na sauko daga motar Abuja, kafin in gama karɓar canji a hannun direba ya riga ya hango ni. Ba ya cewa sannu da hanya. Sai ya leƙo ta saman buhunan taki ya ɗaga murya yadda 'yan acaɓa za su ji: "A'a, Farfesa an dawo! Wannan karon wace kala ce jakar?"

Ni ba farfesa ba ne, malamin gona ne, kuma shi ma ya sani. Amma tsakanin taubasai ba a kai ƙara, sai dai a rama.

Na san da yawanku 'yan jam'iyyarsa ne. Ina ganinku daga nan, kun taɓe baki tun daga kan taken rubutun. Aƙidarku a kan taron ƙwararru ba ta da tsawo: a tafi Abuja ko Kaduna, a kwana a otal mai sanyi, a ci shinkafa da cinyar kaza, a yi gyangyaɗi a gaban majigi, a sa hannu a karɓi alawus, a tsaya a matattakala a ɗauki hoto, a dawo gida da tumbi. To, ku kwantar da hankalinku, ban zo musu ba tukuna. Zan ma ƙara muku hujja, don na fi ku sanin cikin gidan.

Jakar taro goma sha ɗaya gare ni. Na ƙirga su daren jiya. Biyu yara na zuwa makaranta da su, shi ya sa ɗana na aji uku a firamare yake yawo da sunan wani babban taron ƙasa a gadon bayansa. Ɗaya uwargida ta mayar da ita ma'ajiyar daddawa da barkono. Ɗaya kaza ta yi ƙwai a ciki, ta ƙyanƙyashe bakwai, kuma har yau ita ce jakar da na tabbata ta haifar da wani abu. Katin da ake ratayawa a wuya kuwa suna nan jere a ƙusa ɗaya a bayan ƙofa, kamar layun da aka daina yarda da su.

Sai zauren WhatsApp da ake buɗewa ranar rufe taro, kowa na rantsuwa cewa zumunci ya ƙullu ke nan. Makon farko hotuna. Mako na biyu wani ya tambaya ko an ga alat na kuɗin mota, mutum arba'in su amsa a cikin minti biyar. Daga nan sai gaisuwar Juma'a da ta Lahadi, sai tallan atamfa, sai wani bawan Allah ya turo zancen siyasa a yi kaca-kaca, mutum shida su fice cikin fushi. Takardar bayan taro, wadda aka kwana ana gardama a kan waƙafinta, tana nan a ciki ba wanda ya buɗe, wai tana cin data.

Kun ji daɗi? To ku gyara zama, yanzu zan juyo kanku.

Na daɗe ina lura da wannan ciwo naku na raina taro, na kuma gano yana da magani guda ɗaya mai saurin aiki: sunan mutum ya fito a jerin masu tafiya. Nan take za ka ga mai cewa "ai yawon banza ne" ya kai kaftani wajen mai guga, yana tambayar ko otal ɗin na da ruwan zafi. Ashe ba taron kuke ƙi ba, zaman gida kuke ƙi. Ban ga laifinku ba. Abin da nake so mu yi gardama a kai shi ne inda ɓarnar take. Ku kun ce a otal take. Ni na ce a gida take, a cikin kwana bakwai na farko bayan an sauke jaka.

Akwai labarin da duk ɗan wannan yanki ya kamata ya sani. A zamanin haƙar kuza, wani ma'aikaci ya tsinci kan mutum na gasasshen yumɓu a wurin haƙa a ƙasar Jama'a. Ya kai shi gida, ya duba, ya ga ai wannan zai yi aiki: ya kafa shi a gonar doya ya zama mutum-mutumi. Haka kan nan ya yi ta gadin doya, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, har a 1943 aka kai shi Jos wurin wani Bature, Bernard Fagg. Shi kuma ya ga ya yi kama da wani da aka tono a ƙauyen Nok tun 1928. Daga wannan kamanni aka gane cewa a ƙasarmu an yi wata al'umma mai fasaha fiye da shekara 2,000 da suka wuce, abin da duniya ke kira al'adar Nok a yau. Fagg ɗin nan shi ya kafa gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, kuma daga 2005 masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus suka zo suka yi shekaru suna tono a yankin. Kada ku yi wa mai doya dariya da yawa. Shi aƙalla ya sa tsintuwarsa aiki. Ni tawa a saman kwaba na jefa ta.

Ga yadda aka yi. Shekaru kaɗan kafin annobar citta, na halarci wani taro a Zariya. Cikin masu jawabi akwai wani mai bincike, siriri, mai magana a hankali, wanda aka ba shi lokaci bayan cin abincin rana, lokacin da rabin zauren ke fama da nauyin ido. Ya yi magana a kan ruɓewar amfanin gona mai saiwa: yadda cutar ke bin iri daga gona zuwa gona, yadda take son ƙasar da ruwa ke kwanciya, dalilin da ya sa bai kamata a maimaita shuka ɗaya a fili ɗaya shekara da shekaru ba, da yadda ake tsoma iri a magani kafin a binne. Na rubuta shafi huɗu. Na ja layi biyu a ƙarƙashi. Na bi shi har bakin ƙofa na karɓi lambar wayarsa, na rubuta a ƙasan shafin, na ce masa, "Ranka ya daɗe, za ka ji ni makon gobe." Na dawo gida, aka yi mini sannu da zuwa, aka raba burodin tsaraba, littafin ya shiga jaka, jaka ta hau saman kwaba.

Sai damunar 2023. Wanda yake Kachia ko Jaba ko Kagarko ko nan Jama'a a wannan shekara ba ya buƙatar a ba shi labari. Ganyen citta ya fara yin ɗorawa-ɗorawa, ya kwanta, ka tona ka tarar da saiwar ta zama ruwa tana wari. Gona bayan gona. Mutanen da suka ci bashi suka zuba a citta, da waɗanda kuɗin makarantar 'ya'yansu ke binne a ƙasa, suka wayi gari ba uwa ba riba. Daga baya gwamnatin tarayya ta ce asarar ta haura naira biliyan 12. Wani dattijo ya zo ofishinmu da saiwa uku a leda, ya ajiye a kan teburina, ya ce, "Malam, kai da kake zuwa taro, mene ne wannan?"

A daren na sauko da jakar. Gara ta riga ni. Ta karanta shafi huɗun nan tsaf, ta bar mini gefe-gefe, lambar wayar kuwa ta cinye bakwai na ƙarshe ta bar mini 0803 in yi ta kallo. Ba na cewa littafina zai tare annobar da ta gagari hukumomi. Amma da na kira mutumin nan a makon da na ce, da na tara manoma ko ashirin na faɗa musu abin da na ji, da ranar da dattijon nan ya zo ina da wanda zan kira, shi ma yana da abin da zai tuna. A duk gidanmu gara ce kaɗai ta amfana da taron Zariya, ga shi ba ta karɓi alawus ba.

Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincike a 1885 bayan ya daɗe yana haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna yadda suke zubewa daga kansa. Ya gano mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko da ranar farko take faruwa, sai in an waiwayi abin. Wahalar da kansa ya yi. Da ya zo tashar Kafanchan ya tare duk mai saukowa da jakar taro ya tambaye shi abin da mai jawabi na biyu ya ce, da ya gama bincikensa kafin la'asar.

Tun daga lokacin na canza hali, kuma ba wani abin a-zo-a-gani na ƙirƙiro ba, kada ku zaci zan buɗe makaranta. Aikina yana farawa a cikin mota. Idan muka baro Keffi muka kama hanyar Gitata, sai in ciro takardar jadawalin taron in juya bayanta. Kafin mu shiga Kwoi dole in rubuta abu ɗaya da zan yi da hannuna a cikin wata guda. Ɗaya tak. Na gwada biyar, na gwada uku, duk sifili suka haifa. Ramukan hanya suna sa rubutun ya fito kamar tafiyar kaza, na kusa da ni yana leƙe yana zaton lissafin alawus nake yi, amma kafin in ji muryar taubashina takardar tana aljihun gaba, ba ta ga cikin jaka ba.

Sai kiran waya, kuma nan ne yawancinmu muke jin nauyi. Mutum ya tara katin manyan mutane goma sha biyar, ya ɗaure da roba, yana jiran ranar da zai sami babbar magana. Babbar magana ba ta zuwa, shi kuma babban mutum ya gaisa da mutum ɗari uku a kwana biyu, bayan sati biyu ko fuskarka ba zai kawo ba. Ni yanzu mutum biyu nake zaɓa, in kira kafin Juma'a ta zagayo, kuma ba na kira don in ce "na kira ne mu gaisa." Cewa nake, "Ranka ya daɗe, ni ne mai citta daga Kafanchan da na tare ka wajen shan shayi. Ga hoton ganye na turo maka, me ka gani?" Masani yana son a tambaye shi abin da ya sani, kamar yadda maƙeri ke son a kawo masa ƙarfe. Abin dariyar ma, sau da yawa mutumin da ka sha kunyar tunkara a Abuja maƙwabcinka ne. Cibiyar binciken amfanin gona mai saiwa da ke Umudike, wadda citta ke cikin aikinta, tana da reshe a Maro, nan ƙasar Kaduna. Jami'ar Jihar Kaduna tana da tsangayar aikin gona a cikin Kafanchan. Ga ofishin shiyya na aikin gona a Samarun Kataf, ga cibiyoyin Samarun Zariya. Na taɓa biyan kuɗin mota har Abuja na karɓi katin wani mutum, na duba adireshin na ga acaɓa zai kai ni ofishinsa daga gidana.

Amma jarrabawar gaske tana gindin mangwaro. Duk abin da na ɗauko, cikin mako biyu sai na tara mutanen da ba su je ba na juye musu shi da Hausa, wani ya juya wa tsofaffi da Jju ko Hyam ko Tyap, gwargwadon ƙauyen. Nan ake gane taron da ya yi mai da wanda girin-girin ne kawai. Turancin otal yana da kyau a kan majigi, amma ba ya son rana. Akwai wata kalma da aka maimaita a wani taro har na fara jin ta a mafarki, kowane mai jawabi sai ya ɗaga ta ya juya ta. Da na zo gindin mangwaro na matse ta, ga abin da ya fito: wanda ya wanke cittarsa, ya tsaga, ya shanya a kan tamfol maimakon bakin kwalta inda ƙura da awaki ke bi, ya kuma ware Tafin Giwa daban da Yatsun Biri, ya fi samun kuɗi a hannun mai saye. Wata Mama da ke zaune a kan turmi ta ce, "Ɗana, wannan ne ka kwana uku a Abuja a kansa?" Aka kwashe da dariya. Na ce eh, Mama. Ta ce, "To tamfol ɗin fa, wa zai saya?" Tambayar da ba wanda ya yi a zauren otal ke nan. A zaman ne mata biyar suka shirya adashin tamfol, kuma ba ni na kawo shawarar ba.

Wannan Maman ita ce mai duba jarrabawata har yau. In na gama bayani sai ta ce, "To, gobe da safe me zan yi?" In na iya amsawa, tafiyata ta biya kuɗinta. In na fara "wato, abin da ake nufi shi ne," sai ta miƙe ta kaɗe zaninta ta ce tana da wake a wuta.

Na ji wani daga baya can yana cewa, "Malam, kai dai faɗi. Ka dawo da ilimi, Oga ya ce babu kuɗi, shi ke nan." Gaskiyarka, Yaya. Na taɓa rubuta rahoto mai shafi goma sha takwas, da bango mai sheƙi, na kai wani ofis. Bayan wata biyu na koma na tarar an tokare ƙafar fanka da shi. Yanzu shafi ɗaya nake rubutawa, kuma ba na roƙon abin da sai an buɗe fayil. Benci biyu nake roƙo da rabin awa ranar Litinin. Oga bai taɓa hana benci ba. In abin ya fara tafiya, shi da kansa zai ambace shi a gaban nasa Ogan a matsayin tunaninsa, kai kuma sai ka gyaɗa kai ka ce, "Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe." Kada ka ji ciwo, a daidai lokacin ne kuɗin ke fitowa.

Kada ma'aikatan jinya da malaman makaranta da lauyoyi su ɓoye a bayan manoma, da ku ma nake. Na san sai da shaidar halartar horo ake sabunta wa nas da likita lasisi, don haka wasu satifiket ɗin kawai suke bi, a buga hatimi a wuce wurin. To, Sista, kin je an nuna miki sabuwar hanyar tsayar da zubar jini bayan haihuwa, kin dawo, abokan aikinki shida da suka riƙe miki aikin dare ba su ji komai ba sai labarin tsadar Abuja. Matar da za ta zo haihuwa ranar da ba kya bakin aiki fa? Malam na kwalejin horar da malamai ta Gidan Waya, ka je ka gabatar da takarda don ƙarin girma, madalla, Allah ya sa a dace. Ɗalibanka da za su shiga azuzuwan ƙauye sun san me ke cikinta? Kuɗin motar nan da na kwana daga aljihun jama'a ko na ƙungiya suka fito, kuma kowa ya ci ladan kuturu ya san sauran zancen.

Abin da ke ba ni haushi da kaina shi ne, mu 'yan Kafanchan bai kamata a koya mana wannan ba. Garin nan a kan sauke kaya da ɗora kaya ya girma. Tun 1927 da layin dogo daga Fatakwal ya haɗu a nan da na Kaduna da na Jos, aikin Kafanchan shi ne abin da ya zo daga wani wuri ya sauka, a raba shi, ya kama wata hanya. Ku je Loko, ma'ajiyar jiragen ƙasa, yau ku ga taragon da aka ajiye aka manta: ciyawa ta fito ta tagoginsa, ƙadangaru sun yi gida. Shi ma daga tafiya ya dawo. A Bayan Loko ɗin nan kuma gidauniyar Fantsuam ta zauna tun bayan kafa ta a 1996, ta fara da ba mata ƙananan rance, ta kawo kwamfuta da intanet unguwar da ko wutar lantarki sai an yi addu'a, har ta ci kyautar Hafkin ta Afirka a 2001. Ba a Bayan Loko aka ƙirƙiri intanet ba. Wasu ne suka gani a wani wuri, suka ƙi barinsa a saman kwaba.

Zan ba ku abu ɗaya kafin ku ce na cika baki. Akwai taron da babu komai a cikinsa, wallahi akwai. An gayyaci babban baƙo, ya zo a makare da awa uku, aka yi ta gabatar da manyan teburi har rana ta faɗi, aka raba jaka, aka watse. Na je irinsa, na juya bayan jadawalin daga Keffi har Kwoi ban sami abin rubutawa ba. Da na dawo na rubuta layi biyu: ba a koyi komai ba, kada a sake tura kowa baɗi. Ba a sake turawa ba, kuma abokin aikina da yake sa ran layinsa ne ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata.

Shekaranjiya na sauko daga mota, taubashina ya leƙo kamar kullum. Na lura ya ƙara kanta ɗaya a shagon, ya jera maganin tsoma iri, har ya rubuta a kwali da alli cewa a tambaye shi yadda ake haɗawa. A gindin mangwaro ya ji, yana daga can baya yana yi kamar inuwa ya zo sha. Ya ce, "Farfesa, wace kala?" Na ce shuɗiya. Ya karɓa ya juya ta, ya ja zif ɗin sau biyu, ya rage murya yadda 'yan acaɓa ba za su ji ba, ya ce, "Wai in za a sake tafiya, ba a zuwa da 'yan kasuwa ne?"